Wata huɗu ina amfani da Trello a wurin gini

Ni ke kula da ginin wani bene a gefen Kano, ta hanyar Zariya, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Mutum bakwai ne dole mu riƙa jin juna kullum: injiniya, shugaban birkiloli, kafinta, mai ɗaurin rodi, mai wayarin, fulamba da mai kula da sito. Sai Alhaji mai ginin, wanda ya fi zama a Abuja.

Abin kunya ne ya kai ni ga Trello, kuma laifina ne. Ranar da za mu zuba dakin na farko, wato rufin kankare na bene, an kawo injin kwaɓa siminti, leburori sun hallara tun da sassafe, sai ga mai wayarin yana tambayar wa ya ce a zuba alhali bai shimfiɗa fayif ɗinsa ba. Na rantse na gaya masa. Na gaya masa kuwa, amma cikin saƙon murya na minti huɗu da na jefa a gurup ɗinmu daren Alhamis, washegari gaisuwar Juma'a da hotunan furanni suka binne shi. Kuɗin hayar inji da na leburori na wannan rana duk suka bi ruwa. Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, wa ya amsa maka cewa ya ji?" Na rasa ta cewa.

Trello manhaja ce da ta fito a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017. Tsarinta na kanban ne, dabarar da ta samo asali a masana'antar motoci ta Toyota a Japan: allo guda, an raba shi layi-layi, kowane aiki yana kan katinsa, kana jan katin daga wannan layi zuwa wancan yayin da aiki ke tafiya. A jikin kati za ka sa sunan mai aikin, ranar gamawa, hoto, da jerin ƙananan abubuwan da za a duba. Nawa allon layi huɗu ne: za a yi, ana yi, ana jira, an gama. Layin "ana jira" ya fi kowanne amfani a wurina, domin a gini yawancin ɓata lokaci jira ne: kafinta na jiran katako, mai rodi na jiran injiniya ya duba, kowa na jiran Alhaji ya turo kuɗi.

Sai dai mako biyun farko allon tamkar maƙabarta. Ni kaɗai nake shiga, ni kaɗai nake jan kati. Da na zauna na duba, sai na ga ashe tun farko ba kayan aiki na rasa ba, lokacin magana da mutane ne ban ware ba. Ina yawo tsakanin kasuwar Ƙofar Ruwa da banki da wurin aiki, magana kuma sai dai a tsaitsaye, ƙafa ɗaya a mota.

Sai na yanke: kullum ƙarfe takwas saura kwata, a gindin darbejiyar da ke bakin sito, minti goma sha biyar, kuma a tsaye, don in aka zauna hira ce za ta ɓarke. Ina buɗe allon a waya, mu bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda aikinsa ya tsaya ya faɗi abin da ya tsayar da shi a gaban wanda ya tsayar da shi. Baba shugaban birkiloli ba ruwansa da manhaja, ƙaramar waya ce a aljihunsa, rubutun cikin manhajar kuma Turanci ne. Ni nake karanta masa, shi kuma ya ce, "Ɗana, wannan ba zai yiwu yau ba, bulon bai bushe ba," in gyara ranar nan take. Alhamis bayan La'asar kuma na Alhaji ne, minti ashirin a waya, yana kallon allon daga can. Kiran da yake min sau biyar a rana ya ragu sosai.

Na kyauta nake amfani da shi, kuma ya ishe ni: allo goma, mutum goma, kowane fayil kada ya wuce MB 10. Hoto na shiga lafiya, bidiyo mai tsawo kuwa sai dai ta wata hanya. Abin da ya ƙara min daɗi, ko sabis ya ɗauke a wurin aiki manhajar waya tana buɗewa, in rubuta abin da zan rubuta, in sabis ya dawo ya hau.

Wanda ke da ma'aikata biyu ko uku, littafi da biro sun wadatar da shi. Wanda ke haɗa masu sana'a daban-daban kamar ni, ina ba shi shawarar ya gwada, muddin zai iya tsayar da wancan kwata na safe ko da ana ruwa.

Makon jiya muka zuba dakin na biyu. A katinsa akwai abu shida da za a duba, na huɗu shi ne fayif ɗin wuta. Sai da mai wayarin ya sa alama da hannunsa, na hau na gani da idona, sannan na kira mai inji.