Hattara da saƙon mayar da rarar harajin gida a Ingila

Masu gida a Ingila, da 'yan uwanmu da ke zaune can, a yi hattara da saƙon tes ko imel da ke cewa ƙaramar hukuma ta gano ka biya harajin gida, wato Council Tax, fiye da abin da ake bin ka, ka latsa nan ka karɓi kuɗinka. Sukan rubuta adadin har da 'yan canji, kamar fam 286.40, don ya yi kama da lissafin ofis. Shafin da zai buɗe yana da tambarin gwamnati tsaf, amma adireshinsa ba ya ƙarewa da gov.uk. Zai nemi sunanka, ranar haihuwa, doguwar lambar katin banki, da lambobi uku na bayan katin. Mai turo maka kuɗi ba ya buƙatar waɗannan ukun. Da su ake cirewa.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne daga baya. Bayan 'yan kwanaki sai wani ya bugo, murya a natse, ya ce daga bankinka yake, an ga ana taɓa asusunka, maza ka kwashe kuɗin zuwa wani asusu "mai tsaro". Tunda ya riga ya san sunanka da lambar katinka, sai ka saki jiki. A nan ake yi wa mutum ƙarƙaf. Kashe wayar, ka buga 159, za a haɗa ka da bankinka na ainihi.

Abin da ya sa tarkon yake kamawa shi ne rarar tana faruwa da gaske. Yawanci ana biyan harajin kashi goma, daga Afrilu zuwa Janairu. Wanda ya sayar da gida ko ya tashi bai sanar ba, banki na iya ci gaba da cirewa. Babba ɗaya tilo a gida yana da rangwamen kashi 25 cikin ɗari, kuma da yawa ba sa nema. Duk wannan ana warware shi kyauta: ɗauko takardar harajinka, buga lambar da ke jikinta, ka ba su lambar asusun harajin.

Akwai kuma masu bugo waya ko ƙwanƙwasa ƙofa, su ce an sa gidanka a rukunin harajin da ya fi ƙarfinsa, ka ba su kuɗi su ƙwato maka na shekaru. Rukunan takwas ne, A zuwa H, an kafa su kan darajar gida a ranar 1 ga Afrilu 1991, kuma harajin ya fara aiki a 1993. Ofishin da ke da hurumin sauya rukuni shi ne ofishin gwamnati mai kimanta darajar gidaje, wato Valuation Office. Neman a sake duba rukuni kyauta ne, kai ma za ka iya. Duba rukunin maƙwabta masu irin gidanka a shafin gwamnati kafin ka motsa, domin idan aka duba, rukunin na iya hawa maimakon sauka, kuma dillalin ba zai faɗa maka wannan ba.

Saƙon tes ɗin kuwa, kada ka amsa shi. Tura shi zuwa 7726, ba a cajin ko sisi.