Sharhi kan Abaqus: in lissafin lanƙwasa bututu ya cije

Na gwada Abaqus, manhajar kamfanin Dassault Systèmes na Faransa mai kwaikwayon yadda abu zai lanƙwashe ko ya miƙe a kwamfuta, a kan bututun ƙarfe mai faɗin milimita 50 da kaurin milimita 2, ana lanƙwasa shi digiri 90 a radiyos na milimita 100. Aikin ba wasa ba ne: bayan gwiwar yana miƙewa da kusan kashi 25 cikin ɗari, cikinta kuma yana neman yamutsewa. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk inda lissafi ya cije, fayil ɗin saƙonni na .msg zai nuna maka ƙullin da ke kawo cikas, wato mahaɗa a ragar da manhajar ke rarraba bututun a kai.

Saƙon "Too many attempts made for this increment" ba shi ne ciwon ba, zazzaɓin ne kawai. Ma'anarsa, Abaqus/Standard, sashen manhajar mai neman daidaito a kowane ɗan takun lissafi, ya rage taku zuwa rubu'i, ya gwada har sau 5, ya haƙura. Ƙara ƙanƙanta taku ba ya warkar da komai.

In tun takun farko ya tsaya, matsalar riƙo ce. Bututun bai taɓa ƙarafan da za su matse shi ba, don haka yana lilo, lissafi ya rasa madafa. Ka ware mataki guda na matsewa, ka tura mamatsi da tazara ƙarama har ya zauna, sannan a fara juyi. Juyin ma a ba shi da kusurwa, radiyan 1.5708 (wato digiri 90), kada a ba shi da ƙarfin murɗa. Da zarar zagayen bututu a gwiwa ya fara komawa siffar ƙwai, juriyarsa tana raguwa, lissafin da aka ɗora kan ƙarfi kuma ba ya iya bin wannan gangara. Kada a manta da kunna NLGEOM, zaɓin da ke sa lissafi ya yi la'akari da babban sauyin siffa.

Teburin alkaluman yadda ƙarfe ke miƙewa yana yawan yaudarar mutane. Manhajar tana son danniya da miƙewa na haƙiƙa, layin farko kuma miƙewar dindindin sifili ce. Wanda ya kwafo alkaluman gwajin ja yadda suke, har da sashen da ƙarfe ya yi wuya yana shirin tsinkewa, ya shigar da gangara da hannunsa.

In kuwa sai a tsakiyar juyi gargaɗin "negative eigenvalue", alamar cewa tsarin ya rasa tsayuwa, ya fara fitowa, leƙa cikin gwiwar, galibi yamutsewa ce ta gaske, irin wadda sandar da ake zurawa cikin bututu ke hanawa a masana'anta. Akwai kwantar da lissafi na atomatik, amma ka sa ido kada ALLSD (makamashin da kwantarwar ta cinye) ya wuce kashi 5 cikin ɗari na ALLIE (jimillar makamashin cikin ƙarfen).

A ganina, ga bututu mai siririn bango, Abaqus/Explicit, sashen da ke bin motsi daki-daki ba tare da neman daidaito a kowane taku ba, ya fi sauƙin kai, muddin ALLKE (makamashin motsi) ya tsaya ƙasa da kashi 5 zuwa 10 na ALLIE. Daga nan a mayar da sakamakon zuwa Standard don auna yadda bututun ke ɗan buɗewa in an sake shi. Ɗalibai su sani, sigar koyo ta kyauta ƙulli 1000 kawai take ɗauka, ko an yanke bututun rabi a tsaye da ƙyar ragar za ta nuna yamutsewa.