Shekara guda a wani shagon koyon ɗinki na Aboabo

Yau shekara guda ke nan da na kai 'yar ƙanen mijina wani shagon koyon ɗinki a Aboabo, nan Kumasi, don haka ina ganin na cancanci in faɗi albarkacin bakina a kansa.

Yarinyar ta zo mana daga wani ƙauye da ke gaba da Walewale, a arewacin Gana, tana da shekara 15, da niyyar yin dako a kasuwar Kejetia kamar sauran 'yan kayayei, ta tara kuɗin kwanuka da atamfa, ta koma gida a ɗaura mata aure. Babu wanda ya tilasta mata. Ita da bakinta take lissafa mini ƙawayenta da suka riga ta shiga ɗaki, cikin muryar wadda aka bari a baya. Dokar Yara ta 1998 ta ce shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun aure a Gana, amma ba ta taɓa jin labarinta ba, kuma karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 bai rage mata nisan makaranta ba, bai kuma saya mata akwati da katifar kwana ba. Abin da ta tashi tana gani shi ne, a ƙauyensu mace ba ta samun taro da kiɗa da sabon zane sai ranar da ta zama amarya.

Shagon ɗaki biyu ne, da keken ɗinki shida ƙirar Butterfly. Hajiya mai shagon ta san aikinta, kuma ba ta bari sabuwar almajira ta taɓa yadin mutane sai ta yi watanni tana yanka da ɗinki a kan takardar buhun siminti. Na taɓa tarar da ita ta warware hannun riga har sau uku, tana cewa, "'Yata, sake, ido ne ke ɗinki kafin allura." Yarinyarmu ta yi kuka a ranar, amma yanzu ita ke ɗinka wa yarana kayan makaranta.

Sai dai abin da ya fi koyarwar tasiri a kanta shi ne bikin yaye wata babbar almajira da ta cika shekara uku. An yi mata lalle, an kafa rumfa, mata suka yi anko, aka riƙa yi mata liƙi, sannan danginta suka ajiye sabon keke a gabanta. A hanyarmu ta komawa gida yarinyar ta yi shiru har muka kusa ƙofa, sannan ta ce, "Mma, ashe ba amarya kaɗai ake yi wa haka ba?" Tun daga ranar ban sake jin lissafin kwanuka ba, sai na farashin keke.

Shagon yana da nasa aibin. Almajirai 14 ne a kan keke shida, saboda haka sabbin shiga sun fi ɓata yini a shara da guga da aike, har da sayo wa manyansu abinci. Gab da Sallah ana riƙe su har dare ya raba, abin da bai dace da 'yan mata masu tafiya a ƙafa ba, kuma sai da na yi wa Hajiya magana sau biyu kafin ta fara sallamar ƙananan bayan isha'i. Babu wurin kwana, kuma kuɗin shiga a dunƙule ake biya, ban da kujera da almakashi da za a zo da su, wanda hakan ya rufe ƙofa ga yarinyar da ke kwana a barandar kasuwa, alhali ita ce ta fi bukata.

Duk da haka zan iya tura wata can, muddin tana da gidan da za ta kwana da babban da zai riƙa leƙawa. Bayan girbin bana mahaifinta ya bugo waya yana tambayar yaushe za ta dawo, ita kuma ta karɓi wayar ta gaishe shi cikin ladabi, ta roƙe shi ya yi mata haƙuri na shekara biyu.