Hattara da masu sayar da "lambar buɗe mota" ta GTA a Zariya

'Yan gem na Samaru, Kongo, Sabon Gari da Tudun Wada, a yi hattara. Akwai masu bin guruf-guruf na WhatsApp da TikTok suna tallar wai lambar sirri ko fayil da zai buɗe maka ɓoyayyar mota a gem ɗin GTA. Sai su ɗora bidiyon tankar yaƙi a ƙofar gidan CJ, jarumin GTA San Andreas, su ce ka tura 'yan dubbai. Damfara ce tsagwaronta.

Abin da suke sayarwa yana cikin gem ɗin tun da kamfanin Rockstar ya fitar da San Andreas a 2004, kuma wasa ne ke buɗe shi. Ka kammala gem ɗin kashi 100, tankar Rhino za ta bayyana a ƙarƙashin gadar da ke kusa da Grove Street, layin gidan CJ, jirgin Hydra a saman rufin gidan Sweet, yayan CJ, ga dala miliyan 1 da harsashi mara ƙarewa. A makarantar tuƙi ta San Fierro, tagulla a duk gwaje-gwajen tana ba da motar Super GT, azurfa Bullet, zinare Hotknife. Mai gaggawa kuma, a kwamfuta rubuta JUMPJET kawai yana kawo Hydra. Kyauta ne, yaran gidan gem ma sun haddace.

Wanda ya karɓi kuɗinka ya toshe lambarka, da sauƙi. Mugun shi ne mai turo fayil. Ajiyar wasa ta gaskiya, wato fayil ɗin da ke riƙe inda ka tsaya a gem, sunanta irin GTASAsf1.b, ba ta kai rabin megabait ba, kuma kwafe ta ake yi cikin foldar gem, ba girka ta ake yi ba. Duk wanda ya turo maka abin da ya ƙare da .apk ya ce ajiya ce, manhaja ya ba ka. Da ka girka, za ta nemi izinin karanta saƙonnin tes da sarrafa allon waya. Me mota za ta yi da tes ɗinka? Lambar OTP ta banki ake hari. Ko ajiyar ta gaskiya ce ma, ta kwamfuta ba ta buɗewa a waya sai an sauya ta, kuma in sunanta ya zo ɗaya da naka, ta danne wasan da ka yi wata da watanni kana bugawa.

Masu cewa za su sa maka motar Space Docker a "GTA 5 na Android" ƙaryarsu ta fi fitowa fili: Rockstar ba ta taɓa fitar da GTA V a waya ba. Motar ta Franklin ce, ɗaya daga cikin jaruman GTA V, bayan ya tattaro wa wani mai suna Omega ɓaraguzan jirgin sararin samaniya guda 50. A GTA Online kuwa, miƙa imel da kalmar sirri don a "zuba maka motoci" yana jawo ko a ƙwace asusun, ko kamfanin ya rufe shi.

In ka riga ka girka, kashe data da Wi-Fi nan take. Shiga saitin waya, janye izinin da ka ba manhajar, musamman na mai kula da na'ura, domin shi ke hana ta goguwa, sannan ka cire ta. Da wata wayar daban za ka kira bankinka a dakatar da asusun, ka sauya PIN da kalmar sirrin imel. In manhajar ta ƙi fita, kwashe hotunanka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, kuma ka adana rasit ɗin tiransifa da hoton hirarku, banki zai nema.