Karatun Nesa ko Komawa Zaman Aji a Tek: Amsa ga Ƙanena Mai HND

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni ko ka nemi digiri ta karatun nesa kana kan aiki, ko ka bar aikin ka koma zaman aji. Tunda HND ɗinka na lissafin kuɗi yana hannu, kana da aiki a Adum cikin garin Kumasi, ga kuma iyali a gida, shawarata ita ce ka riƙe aikinka ka shiga karatun nesa na KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Ghana wadda muke kira Tek, ka ajiye tunanin barin aiki domin komawa zaman aji daga Litinin zuwa Juma'a. Ta wannan hanyar na yi nawa digirin a fannin harkokin kasuwanci ina aiki a shagon kayan gini, kuma da za a mayar da ni baya, ita zan sake bi.

Sunan karatun nesa yana ruɗar mutane, su ɗauka cewa mutum zai zauna ne a ɗaki da waya har ranar da za a miƙo masa takarda. Cibiyar Karatun Nesa ta KNUST, wadda kowa ya fi sani da IDL, tana gwama abubuwa biyu: akwai darussa da littattafai da aikin gida da ake ɗorawa a intanet, kana shiga da lambarka ta ɗalibi a duk lokacin da ka samu sarari, akwai kuma haɗuwa da malamai a ƙarshen mako, wani lokaci ido da ido a aji, wani lokaci kai tsaye ta kwamfuta. Jarrabawar ƙarshen zango kuwa a zaune ake rubuta ta, da katin shaida a kan tebur da masu sa ido suna zagayawa. Mai HND a fannin da ya dace yawanci daga shekara ta uku yake kamawa, wato shekara biyu ke nan ya kammala, amma ka karanta sharuɗɗan bana da kanka, domin darajar sakamakonka da dacewar fannin su ne ke nuna matakin da za a sa ka. Mu da ke Kumasi muna da wata riba da na Wa ko Bolgatanga ba su da ita: jami'ar tana bayan gidanmu, daga Aboabo ko Asawase mota ɗaya ce zuwa mahaɗar Tek, saboda haka ɗakin karatu na Prempeh II da ofisoshin malamai duk ƙafarka tana iya kai ka.

Abin da ya sa nake son wannan tsari har yau shi ne mutanen da na tarar a ajin. Akwai ma'aikacin banki, akwai mai kula da sito a kamfanin sayen koko, akwai wata Hajiya mai shagon atamfa a kasuwar Kejetia wadda 'ya'yanta sun kusa gama sakandare, akwai kuma wani malamin makaranta da yake tasowa daga Ejura tun da asuba. A darasin lissafin kayan sito malami ya kawo misali daga littafi, sai Hajiyar nan ta ɗaga hannu ta ce a kasuwa ba haka ake yi ba, domin atamfar da ta kwana biyu a shago yayinta wucewa yake yi, kuma idan darajar sidi ta faɗi, kuɗin da ka sayar da tsohon kaya ba zai sayo maka sabo ba. Malamin ya ajiye alli ya ce ta zo gaban allo ta yi bayani, aka kwashe sauran lokacin ana lissafa kayan shagonta. Ranar Litinin na koma wurin aiki na buɗe littafin siminti da rodi na maigidana da wannan idon, na gano cewa muna sa farashi bisa abin da muka saya jiya alhali da farashin gobe za mu sake cika sito. Na rubuta masa lissafin a takarda ɗaya. Alhajin bai yi boko ba, amma ya fi ni sanin kuɗi nesa ba kusa ba. Ya duba, ya yi shiru, ya ce daga ranar ni zan riƙa fitar da farashi, kuma daga baya shi da kansa yake tuna mini cewa Asabar ta zo, in rufe littafi in tafi makaranta. Ɗalibin da ya fito daga sakandare kai tsaye sai ya jira shekaru kafin ya ga amfanin darasin da ni na gani bayan kwana biyu. Kai ma kana da littattafan kuɗi na gaske a gabanka kullum, kuma babu ɗakin gwaji da ya fi su ga mai karatun lissafin kuɗi.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne mutane da yawa suke yin lissafin da bai cika ba. Kada wani ya ce maka karatun nesa ya fi araha a kuɗin makaranta. A jami'o'in gwamnati, ɗalibin da aka ɗauka a tsarin yau da kullum yana cin tallafin gwamnati, don haka abin da yake biya sau da yawa bai kai na ɗalibin nesa ba. Jami'a tana wallafa jadawalin kuɗin kowace shekara a shafinta, ka sauke shi ka gani da idonka. Amma kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Idan ka bar aiki, albashin shekara biyu ya tafi gaba ɗaya, kuma hayar gida da cefane da kuɗin makarantar yaro ba za su jira ka ba. Gudummawarka ta hukumar fansho ta SSNIT ma za ta tsaya: kashi 5.5 cikin ɗari da ake cira daga albashinka da kashi 13 da mai aikin yake ƙarawa duk za su daina shiga, alhali sai mutum ya tara wata 180 na gudummawa kafin ya cancanci fansho na wata-wata. Sannan babu tabbacin cewa kujerar da ka bari za ta jira ka, a garin da masu digiri suke yawo da takardu daga ofis zuwa ofis. Wannan shi ne sakin reshe a kama ganye.

Zaman aji na yau da kullum yana da nasa amfanin, ban musa ba: malami yana kusa, lokaci duk naka ne, ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA da masallacin jami'a. Ya dace da yaro ɗan shekara goma sha tara da iyaye suke ɗauke da shi, kuma dole ne ga mai son likitanci, wanda zai yi shekara shida har da zagayen marasa lafiya a asibitin Komfo Anokye. Kai ba likitanci za ka yi ba, kuma ba na jin magidanci zai ji daɗin neman gado a hostal ɗin Ayeduase ko Kotei yana biyan kuɗin shekara a dunƙule.

Abin da karatun nesa zai ci maka da gaske shi ne Asabar da Lahadi, kuma a Zango wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaurin aure da walima da taron dangi yawancinsu ƙarshen mako ake sa su, kuma mutanenmu suna lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Za a ce ka yi girman kai tunda ka shiga jami'a. Maganin da na ga ya yi aiki shi ne ka je wurin manyan gidanku tun kafin a fara karatu, ka sanar da su da bakinka, ka nemi addu'arsu. Wanda aka nemi albarkarsa a kan abu ba ya yawan zagin abin daga baya. Jana'iza kam ba a barin ta, sai ka je ka dawo ka nemi abin da aka yi a wurin abokan aji. Ka kuma zauna da matarka ku yi maganar a fili, domin rabin nauyin karatun a kanta zai sauka, ita ce za ta riƙe yara ranakun da ka saba hutawa a gida. Idan jarrabawa ta faɗo cikin azumi, karatun bayan sahur ya fi na bayan tarawihi zama a kai.

Waɗanda na ga sun faɗi ko sun janye a tsakiya, kusan dukkansu ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba. Babu mai kiran sunanka da safe, babu mai tambayar ko ka buɗe darasin makon, sai aiki ya taru, mutum ya farka saura mako biyu jarrabawa. Saboda haka ka nemi mutum uku ko huɗu tun makon farko ku kafa rukunin bita, ku tsayar da dare ɗaya a mako wanda ba ya motsi. Mu a shagon wani tela muke haɗuwa bayan sallar isha'i, domin yana da janareta. Wutar kamfanin lantarki na ECG tana iya ɗaukewa ana tsakiyar lakca, don haka ka sauke darussa ka ajiye tun da wuri, ka riƙe layi biyu, MTN da Telecel, idan ɗaya ya yi nauyi ka koma ɗayan. Waya za ta ishe ka sauraren lakca, amma ba za ta ishe ka aikin Excel da rubuta kundin kammala karatu ba. Kwamfutar hannu ko da ta gwanjo ce wajibi ce, kuma kafin ka biya kuɗinta ka sa mai shagon ya zare caja ka ga minti nawa batirin zai riƙe.

Game da masu cewa digirin nesa bai kai na zaman aji daraja ba, jami'a ɗaya ce take bayar da su, majalisar malamanta ɗaya ce take amincewa da sakamakon, kuma Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, shi ne uban jami'ar ga kowa da kowa. Tunda na karɓi tawa takardar babu wanda ya tambaye ni ko ranar Talata nake zuwa aji ko ranar Asabar. Tsarin ma ba sabo ba ne: Jami'ar Landan ta fara ba wa waɗanda ba sa zaune a cikinta digiri tun 1858, kuma Jami'ar Ghana ta Legon kanta da aka kafa a 1948 digirin Landan ɗalibanta na farko suka karɓa. A nan gida, dubban malaman firamare ta karatun nesa na jami'o'in Cape Coast da Winneba suka ɗaga takardunsu suna kan aiki. Daga watan Maris na 2020 kuwa, da korona ta sa aka rufe makarantu, 'yan zaman ajin ma intanet suka koma.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka, domin da zarar an ji kana neman makaranta 'yan damfara za su fara kiran ka. Kashi na farko su ne masu cewa suna da furotokol, wai sun san wani babba a ofishin ɗaukar ɗalibai, ka tura kuɗi ta waya, wato MoMo, a saka sunanka. Fom ɗin jami'a ta hanyar lambar sirri ake cike shi, wadda ake saya a bankuna da wuraren da jami'ar ta ambata a sanarwarta, kuma kuɗin makaranta a asusun jami'a ake biya da lambarka ta ɗalibi, a ba ka rasit. Duk wanda ya ba ka lambar wayarsa ta kansa ya ce nan za ka tura, ɓarawo ne, ko da a sahun gaba yake sallah. Takardar shaidar samun gurbi ma ana buga ta jabu da tambari da sa hannu, saboda haka ka shiga shafin jami'ar da kanka ka duba sunanka.

Kashi na biyu sun fi haɗari domin sun fi iya ado. Su ne dillalan jami'o'in waje da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, digiri cikin wata tara, babu jarrabawa, a biya da dala, har da bikin yaye ɗalibai a otal da riga da hula. Wani maƙwabcinmu ya sayar da babur ɗinsa ya biya irin wannan, da ya kai takardar neman ƙarin girma aka ce ya kawo wasiƙar tantancewa, a nan maganar ta mutu. Hukumar da ke tantance manyan makarantu a Ghana ita ce GTEC, wadda aka kafa a 2020 bayan an haɗe tsohuwar hukumar tantancewa ta NAB da majalisar kula da manyan makarantu ta NCTE, kuma ita ce take auna takardun da aka samo daga waje. Tana da jerin makarantun da ta amince da su a shafinta. Ka lura da cewa amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas ɗin daban, haka ma cibiyar da ake koyar da shi. Ana samun makaranta mai rajista tana gudanar da kwas ɗin da izininsa ya ƙare, ko wani ya kama ajin sakandare haya ya rataya allo da sunan babbar jami'a. Akwai jami'o'in waje na ƙwarai da suke koyarwa ta intanet, amma da fam ko dala ake biyan su, kai kuma da sidi ake biyan ka. Masu cewa za su rubuta maka aikin gida ko kundin kammalawa su ma ka guje su, domin za ka tsaya gaban malamai ka kare abin da aka rubuta da sunanka, kuma tambaya biyu ta isa a gane.

Ka je ofishin IDL a cikin jami'a da takardar HND ɗinka da cikakken sakamakonka da katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana, ka tambaye su matakin da za su sa ka da jadawalin haɗuwar ƙarshen mako na fannin lissafin kuɗi. Daga nan ka kai wa maigidanka jadawalin ya gani kafin ka sayi fom, ku daidaita a kan ranakun Asabar da makonnin jarrabawa, idan da hali a rubuce. In ya amince, ka sayi fom ɗin bana.