Shagon fassarar hukuncin kotu a Maraɗi: aikinsu kan shari'o'in luwaɗi

Shagon yana kusa da kotu, suna juya hukunce-hukuncen ƙasashen waje daga Ingilishi zuwa Faransanci, a shafi ake biya. Bugunsu tsaf yake. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2003, wanda ya soke dokar haramta luwaɗi ta jihar Texas, sun fassara shi daidai, har da ra'ayin alƙalai 3 da suka saɓa wa sauran 6.

A na Botswana suka yi tuntuɓe. Sun cakuɗa hukuncin Babbar Kotu na 2019 da na ɗaukaka ƙara na 2021, lambobin sakin layi suka rikice, lauya kuwa ba ya kafa hujja da takarda irin wannan. Ku kai kowane hukunci daban, ku jaddada a bar lambobin yadda suke.