Hattara da mai tallan kwikwiyon Skye terrier a Accra, sidi 9,000 ya cinye

Sidi 9,000. Kafin alƙalami 4,500, kuɗin keji 2,800, sai 1,700 wai na kwastan a filin jirgin Kotoka. Duk ta momo, wato tura kuɗi ta waya, kuma kowane biya lambarsa daban da sunansa daban. Mutumin yana nan a Facebook da Instagram yana tallan 'ya'yan Skye terrier wai daga Sikotilan, har yanzu bai sauke hotunan ba.

Masu shirin tambayar me ya haɗa ɗan zango da kare su adana tambayarsu. Wanka da aski da tajar karnukan mutanen unguwannin East Legon da Cantonments sana'a ce, da ita muke ci. Kuɗin ma na wata Hajiya ne da ke son karen saboda jikokinta, ta hannuna suka bi, abin da ya sa raina ke ƙuna ke nan.

Kada kowa ya ce an yi gaggawa. An nemi bidiyo, ya turo. An nemi katin rigakafi, ya turo da hatimi da sa hannu. An nemi lambar cif ɗin da ake dasa wa kare a ƙarƙashin fata, ya karanto lambobi 15 cif-cif, kuma haka lambar gaske take. A kan lambobin nan 15 aka tura 4,500. Wanda ya san cif lambobi 15 ne, ai ka ce ɗan hannu ne. Ya karanto su a waya ba gargada, har yana cewa “Alhaji, rubuta, kada ka ce ban faɗa maka ba.” Wa zai ji haka ya ce ɓarawo ne?

Da aka kawo kwikwiyon, a tashar mota ta Madina cikin kwali, ba kejin 2,800 ba alamarsa, likitan dabbobi ya bi wuyansa da kafaɗunsa da na'ura, ba cif ko ɗaya. Kafin nan ma, tun ranar da ya ce kare ya maƙale a Kotoka sai an biya 1,700, ya daina ɗaukar kiran bidiyo, wai sabis. Kuɗin keji kuwa ya riga wannan, shi ya biyo bayan kafin alƙalami da kwana kaɗan, wai kamfanin jirgi ya ƙi keji marar na'urar sanyi. Duk yana cikin hirar, zan sa hotunanta.

Abin da ke cikin kwalin ba Skye ba ne. Skye na gaske dogo ne gajere, tsawon jikinsa ninki biyu ne na tsayinsa, babban ma tsayinsa a kafaɗa wajen santimita 25 ne kawai, ƙafafu gajeru masu ƙarfi, kai babba, hanci baƙi wuluk. Gashinsa hawa biyu ne: na ciki gajere mai laushi, na waje miƙaƙƙe mai kauri da ke rabuwa a tsakiyar baya ya zubo gefe-gefe. Kuma dogon gashin nan ba a haihuwar kwikwiyo da shi, sai ya yi shekaru kafin ya cika. Wannan kuwa ɗan sati takwas ne amma gashi ya riga ya rufe masa ido, laushi kamar auduga, hawa ɗaya, ƙafafu zaƙo-zaƙo, baki a dunƙule. Ruwa-biyu ne na ƙananan karnukan nan masu dogon gashi, Maltese ko Shih Tzu, irin da ake haifa a bayan gida a nan Accra. A bidiyon an kwantar da shi cikin tawul, kai kawai ake gani, to ta ina za a auna tsawon jiki?

Katin ma ƙarya ne. An buga masa hatimin allurar haukan kare yana sati bakwai, alhali a Ingila ba a yi wa kwikwiyon da zai yi tafiya wannan allura sai ya kai sati 12. Takardar izinin shigo da dabba daga hukumar likitocin dabbobi ta Gana, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar abinci da noma, ba ta. Takardar asali daga Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, ba ta. Kaska cike da kunnuwa, ga zawo da jini, likita ya gwada ya ce parvo ne, wata muguwar cutar hanji ta karnuka, ga kuɗin ƙarin ruwa a kan 9,000.

Irin nan fa ko a ƙasarsu ya yi ƙaranci. Kennel Club ta sa shi cikin irin da ake tsoron ƙarewarsu, wato waɗanda 'ya'yan da ake yi wa rajista a shekara ba su kai 300 ba, shi kuwa Skye yana can ƙasa sosai da haka. Masu kiwonsa layi ake bi, su ke yi wa mai saye tambayoyi. Za su tambaye ka ko gidanka bene ne, don ɗan Skye ba ya hawa matakala ko tsalle daga kujera ko doguwar tafiya kafin ƙashin ƙafafunsa na gaba ya ƙosa, in ba haka ba ya yi ɗingishi. Za su tambaye ka inuwa da sanyi, don gashi hawa biyu da zafin Accra ba sa shiri, da ko za ka iya taje shi har fata sau biyu a sati, ana ɗan fesa ruwa kafin mataji ya shiga don kada gashin ya karye. Wannan ɗan damfarar cewa ya yi a kai shi bakin teku a Labadi ya yi gudu ran da ya iso. Yana da guda shida a ƙasa wai, har da ragi ga mai ɗaukar biyu. Shida!

Kada ku tura ko sisi sai kun ga kwikwiyo tare da uwarsa, likitanku ya karanta cif a gabanku. Wanda ya riga ya tura ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Gana. Hotunan hirar da rasit uku na momo, 4,500 da 2,800 da 1,700, suna zuwa da zarar na rufe sunan Hajiya a jikinsu.